A ina? Yaushe? Nawa?



Akwai wata rana da ba ni mancewa, don a ranar ce wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta koya mani aikin da na ɗauka na iya. An kira zama tsakanin hukumomi da ƙungiyoyin fararen hula a wata ƙaramar hukuma ta jahar Maraɗi, kan maganar kuɗin da ake karɓa a gidan likita. Kun san tun shekarar 2006 gwamnati ta ce yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta za a duba su, amma mata suna ta kukan cewa sai sun biya. Ni aka ɗora wa rubuta takardar koke. Kwana biyu na yi ina gyaran ta, na zuba mata duk manyan kalmomin da muka saba: cin hanci ya yi katutu, talakawa sun shiga halin ni-ƴasu, an yi watsi da haƙƙin al'umma. Na tashi na karanta, mutanenmu suka tafa.

Babban jami'in da ke jagorantar zaman ya saurara har na ƙare. Ya yi murmushi, ya ce ya ji, kuma shi ma abin yana damun shi. Sai ya ce: "To, malam, wa aka karɓar wa kuɗi? A wace rana? Wa ya karɓa?" Na duba takardata mai shafi ukku, babu amsar ko ɗaya. Na fara kame-kame, ina cewa ai kowa ya sani, ai maganar ta zama ruwan dare. Ya ce shi dai ba ya iya hukunta kowa a kan "kowa ya sani". Wallahi gaskiya ya faɗa, kuma ya san da wannan gaskiyar ya kashe mu.

Ana shirin tashi sai wata tsohuwa daga bayan rumfa ta ɗaga hannu. Ta kwance bakin zanenta, ta fiddo wata ƴar takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. Ta ce: "Ranka shi daɗe, ni ban iya karatu ba, amma ga ta. Ran Larba, ranar kasuwarmu, sati biyu bayan Sallar layya, na kawo ɗan ɗiyata, shekara biyu garai da wata ukku, jikinai zafi rau. Anka ce sai na biya jikka ukku. Ba ni da su. Na goya shi na koma kasuwa na saida zakarana da kaza guda, ban dawo ba sai bayan azahar, yaron na ta fizge-fizge a bayana." Ta miƙa takardar.

Wurin ya yi tsit. Jami'in ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce: "Inna, zauna." Nan take ya aika a kira manjon gidan likitar. Kafin manjo ya iso, mata huɗu sun tashi, kowace da ranarta da adadin da ta biya.

Na daɗe ina tunanin abin da ya faru a rumfar nan. Maganata da ta tsohuwar ai abu ɗaya suke faɗa. Tawa ta fi tsari, ta fi tsawo, har da lambar doka a ciki. Amma tawa ba ta da inda za a kama ta. Wanda ya ce "talakawa na shan wahala" bai ɗauki wani nauyi ba, don ba mai iya ƙaryata shi, kuma ba mai iya gaskata shi. Ita kuwa da ta ce ran Larba, jikka ukku, yaro ɗan shekara biyu da wata ukku, ta sa wuyanta ne a igiya. Ana iya buɗe rajista a duba ranar. Ana iya tambayar wanda ya sayi zakaran. In ƙarya ta yi, kafin la'asar asirinta ya tonu. Mai sauraro yana jin wannan ko bai tsaya ya yi lissafi ba: mutum ba ya ba ka hanyar da za ka kama shi sai in ya san ba abin kamawa.

Ku tuna yadda kakanninmu ke yi mana tatsuniya da dare. Wani sarki ne a wani gari, yana da wata ɗiya. Ba sunan gari, ba shekara. Kuma mai tatsuniya da kanta, in ta kai ƙurungus, takan amsa cewa abin na Gizo ne. Kowa ya san ba a kai ƙarar Gizo wurin alƙali. To ku ɗauko sanarwowin da muke fitarwa ku karanta da wannan kunnen: "wasu jami'ai", "a wasu yankuna", "maƙudan kuɗaɗe", "a ƴan kwanakin nan". Da bakinmu muke gaya wa mahukunta cewa tatsuniya ce muka kawo, sannan mu yi fushi in sun saurare ta suna gyangyaɗi.

Akwai wani abu kuma da ya fito ranar wanda ban zata ba. Da manjo ya zo bai musa ba. Ya koma ya ɗauko tarin takardun da yake aikawa sama don a mayar wa gidan likitar kuɗin yaran da ya duba kyauta, wata da watanni ba a biya ba. Kantin maganinsa ya ƙare, ba shi da abin sayen wani, shi ya sa yake rubuta wa mutane su biya. Wannan matsala ta jinkirin biyan bashin gidajen likita sananniya ce a ƙasar nan, amma ni da na rubuta "cin hanci" ban ko leƙa wurin ba. Takardar tsohuwar ta sa jami'in ya motsa, kuma ta gyara mana tuhumarmu. Da mun tsaya kan manyan kalmomi, da mun ɓata sunan ƙaramin ma'aikaci mun bar inda ɓarakar take. Ba zan ce an warware komai ba. An dai liƙa sanarwa a ƙofar likitar, an mayar wa wasu mata kuɗinsu, mu kuma muka san ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa.

Wannan darasi ba a ƙauye kaɗai yake aiki ba. Ku dubi maganar bauta. Shekaru ana faɗa cewa akwai bayi a Nijar. A 2003 aka yi dokar da ta mayar da bauta babban laifi. Amma in aka zo ga adadi sai a rabu: wani rahoto ya ce dubu 43, wani ya ce sun haura dubu 800. Da tazara irin wannan, mai son musu ya samu wurin zama, sai ya bar maganar bayi ya koma gardamar lissafi. Sannan mace ɗaya ta fito, Hadijatu Mani. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jikka 240. Ta yi shekara 9 a gidan wanda ya saye ta, a matsayin wahaya. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce har yanzu matarsa ce, kuma da ta auri wanda take so aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria da abokan aikinta suka tsaya mata har gaban kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Dubu 800 an yi ta musu a kai. Jikka 240 kuwa ba wanda ya iya musawa, don akwai mai saye, akwai shekara, akwai takardun kotunan Ƙonni, ga kuma ita kanta a tsaye. Kowane uba mai ɗiya ƴar shekara 12 ya san abin da wannan kuɗin yake nufi, ya san kuma dabbar da ake saye da irin shi a kasuwa.

Haka ma a 2005, lokacin da dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi. Da ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya tsaya yana maganar "manufofin tattalin arziki", da ba mu ga dubban mutanen da suka cika titunan Yamai ranar 15 ga Maris ba. Abin da ya fiddo mutane shi ne an kira kayan da sunansu: madara, sukari, garin fulawa, ruwan famfo, wutar lantarki. Mai shayi ya san ana magana a kan teburinsa, mai gidan burodi ya san ana magana a kan buhunsa. An kama shugabannin ƙawancen, amma garuruwa suka rufe kasuwanni, kuma cikin watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan wasu kayan.

To amma fa kada mu yi saurin murna, don ba mu kaɗai muka san wannan sirrin ba. Maƙaryaci ya riga mu sani. Nan ma da kaina abin ya faru, kuma ba ni jin daɗin faɗar shi.

Wata shekara, lokacin da hatsi ya yi tsada, wani saƙon murya ya shigo wani zaurenmu na WhatsApp. Mai maganar yana haki kamar wanda ya yi gudu. Ya ce da ƙarfe biyu na dare an ga babbar mota shuɗiya, fitilarta ɗaya a mace, tana kwasar buhunnan taimako daga wani magaza. Ya ce direban dogo ne mai hula ja, mai gadi kuma an ba shi buhu biyu ya yi shiru. Ya ce ƙanen abokinsa ne ya gani da idonsa. Har da hoto. Na ji, jinina ya hau, na ce irin wannan bayani ba a ƙirƙirar shi. Na tura zaure biyar kafin in sha shayin safe.

Bayan kwana ukku ta tabbata hoton tsoho ne, ba ma a ƙasar nan aka ɗauke shi ba, kuma buhunnan suna nan cif a magazar, an ƙirga. Amma mai riƙe da makullin wurin, dattijo mai iyali, an riga an fara nuna shi da baki a masallaci, ƴaƴansa kuma ana kiran su ɗiyan ɓarawo a lakwal. Na taka har ƙofar gidansa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, sai ya tambaye ni: "Ɗana, waɗanda ka tura mawa, duk za ka bi su gida gida?" Ban samu amsa ba. Gyaran da na rubuta ko rabin inda ƙaryar ta kai bai kai ba.

Daga baya na sake sauraren saƙon a natse. Motar shuɗiya ce, amma ba lambarta. Direban yana da jar hula, amma ba sunansa. Ƙarfe biyu na dare, amma ba a faɗi daren wace rana ba. Ƙanen aboki ya gani, amma wane aboki? Shi kansa mai maganar bai faɗi ko shi wane ne ba. Duk bayanan da ya jera na ado ne, suna zana maka hoto a ka, amma ba ɗaya da za ka bi ya kai ka wata ƙofa. Na tsohuwar nan kuwa kowane ɗaya hanya ce: rana tana kai ka ga rajista, kuɗi yana kai ka ga takarda, zakara yana kai ka ga mai saye.

Manyan ƙasashe ma sun faɗa irin wannan rami. A watan Oktoban 1990, bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait, wata yarinya ƴar shekara 15 ta zauna gaban ƴan majalisar Amurka tana kuka, ta ce ta ga sojojin Iraƙi a wani asibiti suna fidda jarirai daga kwalaben da ake renon bakwaini, suna barin su a ƙasa su mutu. Labarin ya zagaye duniya, shugaban Amurka na lokacin ya yi ta maimaita shi, ya kuma taimaka wajen shawo kan mutane su yarda da yaƙin da aka fara a Janairun 1991. Sunanta na farko kawai aka faɗa, Nayirah, aka ce an ɓoye sauran don kare danginta. Sai a 1992 aka bayyana cewa ɗiyar jakadan Kuwait a Amurka ce, kuma wani kamfanin tallata manufa ne ya shirya fitowarta. Masu bincike ba su samu abin da ya tabbatar da labarin ba. Ku lura da kyau: an ba duniya hawaye, an ba ta jarirai a kan siminti, abu ɗaya da aka hana ta shi ne cikakken sunan mai shaida, wato abin da za a iya bi a bincika.

Mu da muka tashi a makarantar allo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. A ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, riga ta zama shaida fiye da sau ɗaya. Ƴan'uwansa sun kawo wa mahaifinsu rigarsa da jinin ƙarya, da dare, suna kuka. Ga riga, ga jini, ga hawaye, labari ya cika. Masu tafsiri suna cewa abin da suka mance shi ne yaga rigar, kuma wace irin dabba ce za ta cinye yaro ta bar rigarsa lafiya lau? Daga baya, a gidan da aka yi masa ƙazafi, wani mai shaida ya ce a duba inda rigar ta yage, gaba ko baya. Aka duba, ta baya ce, magana ta ƙare. Shaidar farko an kawo ta ne don ta girgiza zuciya. Ta biyu kuwa tambaya ce da kowa ke iya dubawa da idonsa, kuma tun kafin a duba an faɗi abin da kowace amsa za ta nuna. Haka malaman hadisi suka yi da isnadi. Daɗin lafazi bai ishe su ba, sai sun tambayi wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, har su duba shekarar haihuwa da ta rasuwa don su gane ko mutanen biyu sun taɓa haɗuwa. Mu kuma yau "an ce" da "an tura mani" sun ishe mu.

Saura wani abu mai nauyi, wanda dole in faɗa don kada a ce na ce a riƙa zuba sunayen mutane a Facebook. Bayanin da ke ba labari ƙarfi shi ne kuma ke nuna inda mai labarin yake kwana. Tsohuwar nan, bayan mun watse mun hau baburanmu, ita a garin za ta ci gaba da zama, kuma gidan likitar nan za ta sake kai jikanta. Ita ta zaɓi ta tashi a gaban jama'a, ba mu muka tura ta ba, shi ya sa ma ban faɗi sunanta ko garinta a nan ba. In mace ta ba ka labarin abin da aka yi mata a ofis ko a shingen hanya, kai ka san sunanta, ka ga takardarta, ka ɗauki hoton takardar ka adana. Amma abin da za ka fitar fili, sai ka zauna da ita kun yi shawara, ka gaya mata abin da ka iya biyo baya. Ana iya ɓoye suna a bar rana da adadi. Ana iya cewa: muna riƙe da takardu 12, duk hukumar da ke son gani ga mu. Wannan ya sha bamban da ɓoyon da aka yi wa sunan Nayirah, don mu muna ɓoye mai rauni ne daga mai ƙarfi, kuma akwai wani mai suna da fuska, wato kai, da ya tsaya ya ce na gani, a tambaye ni.

Kada kuma mu mance cewa tun 2019 akwai dokar laifukan intanet a ƙasar nan, kuma mutane sun kwana a kaso saboda abin da suka rubuta ko suka tura. Ba ni cewa takarda a hannu tana hana a kama mutum, mun ga waɗanda aka kama da gaskiyarsu. Amma wanda aka kama da hujja yana da abin faɗa gaban alƙali, jama'a kuma suna da abin da za su tsaya a kai su kare shi. Wanda aka kama da jita-jita kuwa ya ba da kansa, ya kuma ba da sunan ƙungiyarsa. Ƙarya ɗaya da aka kama mu da ita tana biyan bashin gaskiya goma da muka faɗa a baya, don daga ranar duk abin da muka kawo za a ce: ai su ne na maganar motar nan.

Don haka roƙona ga abokan aiki, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, mai sauƙi ne. Kowa ya sayi ƙaramin littafi na dala hamsin ya sa a aljihu. In an ce tiyar hatsi ta yi tsada, rubuta kasuwar, da ranar, da farashin, ka koma sati mai zuwa ka sake rubutawa. In an ce aji ba malami, rubuta sunan lakwal ɗin, da ajin, da yawan yaran, da ranar da aka ga malami na ƙarshe. In an ce famfo ya lalace, tambayi tun yaushe, da nisan inda mata ke zuwa ɗibar ruwa, da kuɗin jarka kafin lalacewar da bayanta. Ka rarrabe abin da ka gani da abin da aka gaya maka, ka rubuta kowane da sunansa. Kada ka ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya: in mutum 7 ne, kada ka ce kusan 10, don ukkun nan da ka ƙara su za a kama a yi watsi da bakwai ɗin. Kuma kafin ka fitar, je ka ji ta bakin wanda ake zargi, ko da kana ganin ka san amsarsa. Ni ma na ɗauka na san amsar manjo.

In kuma saƙo ya shigo wayarka yana tafasa maka jini, dakata ka yi masa tambayoyin da jami'in nan ya yi mani. A ina? Yaushe? Nawa? Wa ya gani? In ka ga launin hula ya yi yawa amma ba ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, bar shi ya mutu a hannunka.

Har yau ina da takardar koken nan mai shafi ukku a cikin akwatina, nakan ɗauko ta in karanta duk lokacin da aka ba ni aikin rubuta sanarwa. Tsohuwar kuwa na sake ganin ta sau ɗaya a kasuwarsu, ran wata Larba, tana sayar da kuka da daddawa. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi yaron. Ta ce ya warke, har ya fara bin awaki.

Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya da hujjarta, ya tsare mu da ɗaukar alhakin bayinsa.